Koyon Rawa da Ladabin Fage: Dandalin Birnin Zazzau da Rawar Tango

1.0 Gabatarwa

Galibi idan ana zancen koyon rawa, abin da akan duba shi ne taku da juyi da karkaɗa jiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa taku rabin ilmin ne kawai, ɗaya rabin kuwa shi ne sanin ladabin fagen da ake rawar. Za a kafa hujja da dandalin cikin birnin Zazzau, sa'an nan a kwatanta shi da fagen tango, wata rawa ta ƙasar Ajantina.

2.0 Koyo a Dandali

Kafin talabijin ta game gidaje, 'yammatan unguwannin cikin ganuwa kan taru a dandali bayan sallar isha'i, musamman a daren farin wata, domin gaɗa. Babu malami, amma akwai matakai. Ƙaramar yarinya takan fara da kallo daga gefe, ta koyi tafi, ta koyi amshi, sa'an nan a bar ta ta shiga tsakiyar da'ira. Bayar da waƙa shi ne matakin ƙarshe. A wasu wasannin gaɗa, wadda ta shiga fage takan saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su cafe ta. Ke nan amana ita ce jigon wasan, domin wadda ba ta cafe wasu ba, ba ta da tabbacin za a cafe ta.

Inda aka gayyato mai kalangu, ladabin yakan ƙaru. Makaɗi yakan kaɗa wa mutum takensa, shi kuma ya fito ya taka, ya yi kari. Kutsawa cikin taken wani rashin ta ido ne, hana makaɗi kari kuwa abin gori ne. Sarkin Samari da shugabar 'yammata su ke tsawatarwa da sasanta rikici. Irin waɗannan kalmomi da al'adu na kiɗa su ne David Ames, wanda ya yi bincike a Zariya, da Anthony King suka tattara a ƙamus ɗinsu na 1971.

3.0 Fagen Tango

Tango ta tsiro ne a unguwannin talakawa na biranen Buwenos Ayires da Montebidiyo a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun da duniya ta gada. Ta bambanta da gaɗa ƙwarai, domin mutum biyu ne ke yin ta riƙe da juna, abin da al'adar Bahaushe ba ta saba da shi ba. Amma wajen ladabi, kamannin a fili suke.

Taron rawar ana kiran sa milonga. Ba a gayyatar abokin rawa da baki. Ido akan haɗa daga nesa a gyaɗa kai, wanda bai so ba sai ya kau da ido, ba a kunyata kowa ba. Kiɗan yakan zo rukuni-rukuni, waƙa 3 ko 4, kuma barin abokin rawa kafin rukuni ya ƙare cin fuska ne. Dukkan masu rawa suna zagaya fage ne ta fuska ɗaya, saɓanin tafiyar hannun agogo. Saboda haka shawarar da akan ba mai koyo ita ce ya ƙware a tafiya kafin ado, ya zauna ya yi kallo kafin ya shiga, kada kuma ya yi wa kowa gyara a tsakiyar fage, domin gyara yana da nasa zaman na gwaji.

4.0 Kammalawa

A fagagen biyu an ga cewa kallo yana gaba da shiga, kuma mutuncin abokin wasa ya fi gwaninta daraja. Dandali ya ja baya a yau, rawar gargajiya ta koma bukukuwa da wasannin makarantu, inda akan koyar da taku a bar ladabi. Ya kamata malamai da ɗaliban nazarin al'ada su nemi dattawan cikin birni, maza da mata, da suka taka rawa a dandali, su rubuta dokokin fagen daga bakinsu tun suna raye.