Gonar da ke tsakiyar teku

Shirin namu na yau ya yada zango a lardin Jeolla ta Kudu, a ƙasar Koriya ta Kudu, inda ake noma babu garma babu fartanya. Gonar a cikin teku take, kuma lokacin sanyi ne damunarta.

Wanda ya ga amfanin gonar a jiƙe zai rantse gansakuka ce. Su kuwa mutanen ƙasar suna ce masa gim. A gaɓar Wando da Sinan da Haenam, manoma kan shimfiɗa raga a ruwa, tsiron ya kama jikinta ya girma. Idan an girbe sai a wanke, a daddatsa, a baza shi sirara a busar, ya fito baƙi falle-falle kamar takarda. A kasuwa ƙulli guda falle 100 ne. Ana danganta fara nomansa da wani Kim Yeo-ik, a Gwangyang, cikin ƙarni na 17.

A gida uwargida kan shafa masa man riɗi, ta barbaɗa gishiri, ta gasa sama-sama. Yara su ɗora a kan shinkafa mai zafi. In kuma an naɗe shinkafar da ƙwai da karas a cikin gim an yayyanka, ya zama gimbap, guzurin ɗalibi da matafiyi.

Akwai ɗan'uwansa miyeok, wanda ake jiƙawa a yi miya. Yadda mai jego a nan ke shan kunun kanwa, haka ta can ke shan wannan miya. Shi ya sa kowa ke shanta ranar zagayowar haihuwarsa, don tuna wahalar uwa. Sai dai ɗalibi na gudunta ranar jarrabawa, wai santsinta kan kayar da mutum.

Yanzu gim ya zama hajar duniya. A 2023 Koriya ta fitar da na kusan dala miliyan 790 zuwa ƙasashe fiye da 120, Amurka da Japan na kan gaba. A 2024 cinikin ya kusa dala biliyan 1, buƙatar waje ta sa farashi ya tashi, har magidantan Seoul suka koka.

Abin da ke damun manoma shi ne ɗumamar teku, domin gim sai da ruwan sanyi. Tuni aka fara gwada nomansa cikin manyan tankuna a kan tudu.