Shekara biyar da motar gazuwal a Zongon Kwatano

Ranar da motata ta fara ba ni kunya a Ganhi nake, a bakin wani banki, wajen ƙarfe goma na safe. Na tayar da ita lafiya, na hau titi, sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na taka totur, motar ta ƙi. Tana tafiya, amma kamar an ɗaure mata ƙafa. 'Yan zemijan masu rigar ɗorawa suna ta wuce ni hagu da dama, wani har ya leƙo ya tambaye ni da Faransanci ko a tura. Kusa da ni kuwa baƙo ne daga Maraɗi, mutumin da nake so ya damƙa mini fiton kwantenarsa biyu. Bai ce komai ba. Ya dai dubi fitilar, ya dube ni.

Sana'ata ke nan, fitar wa mutane kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, mafi yawansu 'yan kasuwar Nijar. A wannan aiki, mutum zai ba ka takardun dukiyar da ya tara shekara goma, kuma ba ya da abin da zai auna ka da shi sai wanda ya gabatar da kai da kuma abin da idonsa ya gani. Shi ya sa a Zongo babbar mota ba ta tsaya ga ado ba. Inda ka ajiye ta ranar Juma'a kusa da babban masallaci, da irin motar da ka ɗauko baƙo da ita, duk ana lissafa su. Ba na kare wannan ɗabi'a, amma da ita na tarar da gari.

A ƙarshen 2019 na saye ta. Baƙa ce, ƙirar Jamus ta 2012, kujerun fata, injin gazuwal, wato man da 'yan Najeriya ke kira gas ko dizal. Lokacin kasuwar mota ta faɗi. Tun 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sannan a watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin gaba ɗaya. Filayen sayar da motoci na Sekanji da Ekpe, a kan hanyar Porto-Novo, waɗanda a da sai ka ture mutanen Kano da Legas kafin ka ga dillali, suka koma shiru. Motoci na ta shan rana da iskar teku. Dillalin da ya kai ni ya nuna mini biyu masu kama ɗaya, ta fetur da ta gazuwal, kuma ta gazuwal ɗin ta fi araha nesa ba kusa ba. Na ɗauka sa'a ce.

Daga baya na gane dalilin arahar. Bayan abin kunyar da ya fito a watan Satumban 2015, lokacin da aka kama kamfanin Volkswagen da maguɗi a gwajin hayaƙi, Turai ta fara juya wa gazuwal baya. A 2018 kotu a Jamus ta ba birane damar hana tsofaffin motocin gazuwal shiga wasu tituna, Hamburg ta fara. Paris da Brussels ma suka kafa nasu sharuɗɗan. Wanda motarsa ba ta iya shiga gari sai ya sayar, dillalan unguwar Heyvaert a Brussels su saya, a loda a Antwerp, ta sauka a nan. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Tawa ta biyo wannan hanyar ne, shekara ɗaya bayan lissafin nasu.

Wani dalilin na gida ne. Mai motar fetur a Kwatano yana da kpayo, man Najeriya da ake sayarwa a manyan kwalabe a bakin titi. Shekaru da dama da shi gari ke tafiya, domin a wancan lokacin tallafin da gwamnatin Najeriya ke zubawa yana tsallako iyaka. Gazuwal ba ya cikin wannan rabo, tunda Najeriya ta daɗe da cire masa tallafi. Mai motar gazuwal gidan mai zai je ya biya cikakken kuɗi. Don haka masu saye ba sa rububinta.

Duk da haka, shekara uku da rabi na farko ban yi nadama ba, kuma ba zan ɓoye daɗin da na ji ba. Kusan duk wata sai na hau hanyar arewa: Bohicon, Dassa, Parakou, Kandi, har Malanville, fiye da kilomita 700, in tsallaka gada zuwa Gaya in ga masu kayana. A irin wannan tafiya injin gazuwal ba shi da na biyu. Ba ya ihu, ba ya gajiya, kana wuce tirela a kan hawa kamar tana tsaye. Tanki ɗaya yakan kai ni Malanville har da saura, abin da abokina mai irinta ta fetur bai taɓa gani ba. In na sauka, bayana ba ya ciwo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi zamani da tsohuwar Marsandi 240D, irin wadda aka ƙera daga 1976, wadda makanike ke gyarawa a gindin bishiya da sifana biyu. Yakan ce motar gazuwal jaka ce, ba ta san gajiya ba. Da wannan magana a kaina na saya, ban san cewa sunan man ne kawai bai canza ba.

Sai 2023 ta zo da abu biyu a jere. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, cikin 'yan kwanaki kpayo ya yi tsalle har ya kamo kuɗin gidan mai. Na yi wa abokaina dariya a majalisa, na ce yau kowa ya ɗanɗana. Dariyar ba ta yi wata biyu ba. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanville. Ko bayan da Benin ta buɗe ɓangarenta, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan motoci suka yi layi na tsawon kilomitoci, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Aikina ya ragu ƙwarai, tafiyar arewa ta tsaya cak.

Motar ta koma zirga-zirgar cikin gari. Daga gida a Zongo zuwa Ganhi, daga Ganhi zuwa ƙofar tasha, wani lokaci Dantokpa in uwargida na da sayayya. Tafiyar da ba ta kai injin ya yi zafi ba, rabinta ma a tsaye cikin cunkoso da na'urar sanyi a kunne. Wata huɗu da haka fitilar nan ta kama.

Makaniken da na saba da shi ya buɗe gaba, ya saurara, ya ce ba aikinsa ba ne, ya tura ni wurin wani yaro mai kwamfuta a Akpakpa. Yaron ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, ya yi murmushi. "Alhaji, yaushe rabonka da doguwar tafiya?" Na ce tun da aka rufe gada. Ya ce to ciwon ke nan.

Ga bayanin kamar yadda na fahimce shi, kuma na so a ce wani ya yi mini shi kafin in biya kuɗi a Sekanji. Tun daga ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5, wadda ta fara aiki a 2009, motocin gazuwal na Turai suna zuwa da matata a cikin salansa, mai kama baƙin toka kafin ya fita. Matatar tana cika. In ta cika, motar da kanta take ƙona tokar, amma sai salansa ya yi zafin da ya kai wajen digiri 600, kuma hakan na samuwa ne in ana gudu na ɗan lokaci ba tsayawa. Ashe duk shekarun nan hanyar Parakou ce ke wanke mini mota ban sani ba. A cikin gari kuwa motar takan fara ƙonawar, in kashe ta a bakin banki, aikin ya katse, man da ta ƙara fesawa ya gangara ya gauraya da baƙin mai. In abin ya yi yawa sai kwamfutar motar ta rage ƙarfin injin don kada ya lalace. Abin da ya same ni gaban baƙona ke nan.

Sannan ga maganar man kansa. A Turai tun 2009 sinadarin sulfa da ke cikin gazuwal ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma don irin wannan mai aka ƙera injin. A watan Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da binciken man da ta ɗiba a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, har da Benin, ta sami wani gazuwal da sulfarsa ta ninka ta Turai sau ɗaruruwa. A Disambar shekarar Benin da Najeriya da Togo da Ghana da Kodibuwa suka amince su daina karɓar irin wannan mai, a 2020 kuma ECOWAS ta tsayar da kashi 50 cikin miliyan. Takarda ta yi kyau. Amma direban da ke tsaye gaban famfo ba shi da abin awo, kuma ko 50 ɗin ninki biyar ne na abin da injin ya saba sha. Ni dai abin da na koya shi ne in riƙe gidan mai ɗaya mai yawan ciniki. Sau ɗaya na sha mai a jarka a wani ƙauye da dare ya yi mini, ashe da ruwa a ciki. Bututun fesa mai na irin wannan inji suna aiki da matsin da ya haura ba 1,500, ɗigon ruwa ko ƙura ya ishe su. Biyu na canza, kuma kuɗinsu ya kusa na makarantar yarana biyu na zango guda. Uwargida ce ta yi wannan lissafin, ba ni ba, kuma a gaban yaran ta yi shi.

Sauran ɗawainiyar kowa ya san ta: inshora, duba lafiyar mota a CNSR, harajin mota na shekara wanda ke hawa da ƙarfin inji. Baƙin mai ma ba kowane ba, akwai na musamman mai ƙarancin toka, in ka zuba na gama-gari ka ƙara toshe matatar. Damina kuma in ruwa ya kwanta a titi, ni kan juya in nemi wata hanya, don injin gazuwal in ya shaƙi ruwa ya gama.

Yaron Akpakpa ya ba ni zaɓi uku. A sayo sabuwar matata daga Turai, kuɗin da ban da shi a lokacin. A ciro ta a wanke, ta ɗan yi watanni. Ko a fasa cikinta a zubar, ya shiga kwamfuta ya goge labarinta, motar ta manta an taɓa sa mata. "Kowa haka yake yi, Alhaji. Ƙarfi ma za ta ƙara."

Na kwana biyu ina juya maganar. Gaskiyarsa ce, da yawa haka suke yi, kuma babu wanda zai tare ni a hanya. Amma na san inda hayaƙin zai tafi. Lungunmu a Zongo ƙunci gare shi, in na tayar da mota da safe salansa na kallon inda mai koko take zama, yara na tsaye da kwanoni. Hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa kansa tun 2012, shekarar da aka ƙera motata. Ƙaramar 'yata kuma tana fama da asma. Na ce a wanke.

Ba zan ce na fi waɗanda suka fasa tasu ba. Wanda mota ce abincinsa, aka ce ya kawo kuɗin da ya fi ribarsa ta wata uku, na san abin da zai zaɓa. Ni ma da an sake matsa ni a watan da ba aiki, ban san me zan ce ba.

Baƙon Maraɗi bai ba ni aikin ba. Ya ce zai bi ta Lome, kuma wataƙila gaskiya ce, don kowa can ya koma. Wani dattijo a majalisarmu, wanda ya yi shekara talatin yana dillancin mota, ya ce mini: "Ɗana, sayar da ita tun tana da fuska." Na kai ta an yi mata kuɗi, abin da aka taya bai kai rabin abin da na saya ba. Na dawo da ita gida.

Yanzu na sayi ƙaramin babur, da shi nake zuwa Ganhi da tasha, hula a kai kamar kowa. Da farko an yi ta tambayata ko lafiya, daga baya aka saba. Motar tana fita ranar Juma'a, da ranar da baƙo ya zo. Kowace Lahadi ta biyu kuma, bayan sallar asuba, nakan ɗauki yara mu kama hanyar Ouidah, mu wuce har kusa da Grand-Popo, ba don muna da kowa a can ba. Su suna kallon teku da bishiyoyin kwakwa, ni ina sauraron inji. Lita goma sha biyu ko fiye nake ƙonawa a tafiyar. Wata bakwai ke nan fitilar ba ta kama ba.