Sana'ar Zanen Fenti A Ikko: Jari Mai Yawa, Ciniki Sai Da Haƙuri

IKKO: A cikin watan Fabrairu na shekarar 2018, kamfanin gwanjo na Bonhams da ke birnin Landan ya sayar da wani zane mai suna "Tutu" a kan kuɗi Fam miliyan 1.2, watau ninki huɗu na farashi mafi tsada da masana suka yi masa ƙiyasi. Marigayi Ben Enwonwu ne ya yi zanen a shekarar 1974, na fuskar wata gimbiyar Ife mai suna Adetutu Ademiluyi, kuma ya daɗe da ɓacewa kafin a gano shi rataye a wani gida a arewacin Landan. A shekarar da ta biyo baya kuma kamfanin Sotheby's ya sayar da wani zanen nasa, "Christine", a kan Fam miliyan 1.1. Shi dai Enwonwu ya rasu tun shekarar 1994.

Irin waɗannan labarai su ne suka sa 'yan kasuwa da yawa suka fara duban zane a matsayin kadara. Amma a bayan wannan ciniki na miliyoyi akwai ɗimbin masu zane da ke zaman kansu a unguwannin Ikko, ba albashi, ba fansho, waɗanda abincinsu da kuɗin makarantar 'ya'yansu suka dogara ga abin da burushi ya fitar kuma mai saye ya yarda ya biya.

Asalin sana'ar

Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode wanda ya rasu a 1963, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya buɗe ƙofar zanen zamani a Nijeriya. A shekarar 1958 wasu ɗalibai na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kazalika a garin Oshogbo, cikin shekarun 1960, an sami wani rukuni da ya haɗa da Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda a wajen bita suka koyi aikin.

Yawancin mutanen farko sun jingina da aikin koyarwa ko na gwamnati, zane kuwa sai bayan an tashi daga aiki. Grillo da Kolade Oshinowo sun shafe shekaru masu yawa suna koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Yaba. Daga baya ne aka sami waɗanda suka ajiye albashi suka rungumi zane kaɗai, kamar Abiodun Olaku, wanda ya yi karatu a Yaba, ya bar aikin gwamnati, ya koma aiki tare da abokan sana'arsa a ɗakunan Universal Studios of Art da ke kusa da Babban Gidan Wasannin Ƙasa a Iganmu. Wannan hanya ce matasa da yawa ke bi yanzu, wasu da son ransu, wasu saboda rashin aikin albashi.

Jarin da ake zubawa

Mai zane mai zaman kansa tamkar ƙaramar masana'anta yake, sai dai shi ne mai jari, shi ne ma'aikaci, shi ne akawu. Kafin ya ɗora burushi a kan ƙyalle sai ya sayi ƙyallen, ya ba kafinta aikin katakon da za a ɗame shi a kai, ya shafe shi da farar shimfiɗa, sa'an nan ya tanadi fenti da mai da burushi iri-iri. Fenti mai inganci, irin na kamfanin Winsor & Newton na Ingila, daga waje ake shigo da shi, saboda haka farashinsa yana bin Dala sawu da ƙafa. Masu sana'ar sun ɗanɗana wannan a zamanin shirin tsuke bakin aljihu da aka fara a 1986, suka kuma sake ɗanɗanawa bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, inda Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024.

Bayan kuɗi akwai lokaci. Fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya sha iska, kuma ƙa'idar aikin ita ce a jira wata shida ko fiye kafin a shafa masa man ƙyalli na ƙarshe. Laimar damina a Ikko tana ƙara jinkirta bushewa, tana kuma sa ƙyalle ya yi fumfuna idan ɗakin ajiya ba shi da iska. Wannan ne ya sa da yawa suka koma ga fentin akirilik mai bushewa cikin sa'o'i. Duk ranar da zane ya ƙara a ɗaki, jari ne a kwance, ga kuɗin haya da na man janareta suna tafiya.

Lissafin baje koli

Baje koli shi ne babbar ranar kasuwar mai zane, amma ba duk abin da aka sayar ke shiga aljihunsa ba. Gidajen baje kolin zane sukan karɓi la'ada daga kashi 30 zuwa kashi 50 daga cikin ɗari, gwargwadon yarjejeniya da kuma wanda ya ɗauki nauyin hidimar.

A ɗauka, alal misali, mutum ya yi shekara guda yana shirya zane 20, aka sa wa kowane Naira 800,000, aka yi sa'a takwas suka shiga. Cinikin ya kama Naira miliyan 6.4. Idan la'ada kashi 40 ce, gidan ya ɗauki Naira miliyan 2.56. Idan kuma kowane zane ya ci Naira 90,000 na kayan aiki da firam, an fitar da Naira miliyan 1.8, domin har da waɗanda ba a saya ba sai an biya kuɗinsu. A ƙara Naira 600,000 na buga littafin bayanin zane-zanen da ɗaukar hoto da kuɗin mota. Abin da ya rage shi ne Naira miliyan 1.44, watau Naira 120,000 a wata, kafin a cire hayar ɗakin aiki. Wannan bai kai ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka kafa a 2024 ba. Zane 12 kuma sun koma gida suna jiran wani mai saye.

Dalili ke nan da ya sa mai zane ba ya dogara ga ƙofa ɗaya. Yakan karɓi aikin zana fuskokin sarakuna da manyan jami'ai da attajirai, inda ake ba da kafin alƙalami a cika saura bayan an gama. Yakan nemi kwangilar ƙawata otal-otal da bankuna. Yakan koyar da yara a ƙarshen mako, ya kuma yi ƙananan zane masu sauƙin kuɗi don baƙi. Wasu kuma suna tallata aikinsu ta Instagram kai tsaye, abin da ke rage la'ada amma yake ɗora musu wahalar ɗaure kaya da aikawa da bin bashi.

Babban haɗari shi ne karya farashi. Idan matsi ya sa mutum ya sayar da zane a ɗakinsa a kan rabin kuɗin da gidan baje koli ke sayarwa, labari ba ya ɓuya, domin masu saye sun san juna. Wanda ya saya da tsada zai ji an cuce shi, gidan kuma zai janye hannunsa.

Kasuwar ta faɗaɗa

Ba shakka wuraren ciniki sun ƙaru. An kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya a 1963, da Grillo a matsayin shugabanta na farko, gwamnati kuma ta kafa Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa a 1993. Kamfanin Arthouse Contemporary na Kavita Chellaram ya fara gwanjon zane a Ikko a 2008, abin da ya sa farashi ya fito fili kowa ya gani. A 2009 Nike Davies-Okundaye ta buɗe katafaren gidanta na baje koli a Lekki, a 2016 Tokini Peterside ta ƙirƙiro kasuwar shekara-shekara ta ART X Lagos, sa'an nan a 2019 aka buɗe gidan adana zane na Yemisi Shyllon a Jami'ar Pan-Atlantic.

Sai dai kuɗi mafi yawa a hannu na biyu ake samun su. A watan Nuwamba na 2022 an sayar da wani zanen Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Enugu mazauniyar Amurka, a kan Dala miliyan 4.7 a gwanjon Christie's. A irin wannan ciniki, mai kayan da ya kai gwanjo da kamfanin gwanjon su ne ke da kaso mai tsoka. Masu zane kan ce abin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ƙasar Faransa ta tanadi wani kaso ga mai zane idan aka sake sayar da aikinsa a gwanjo tun 1920, Ingila kuma ta bi sahu a 2006. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ita ma ta amince da wannan haƙƙi, amma karɓar kuɗin yana buƙatar a riƙa rubuta kowane ciniki, alhali yawancin cinikin zane a ƙasar nan da baki ake ƙulla shi.

Ga mai son saye

Ɗan kasuwar da ke son sa kuɗinsa a wannan fanni ya kamata ya san cewa zane ba ya ba da riba duk shekara kamar hannun jari, kuma ba a juya shi kuɗi cikin kwana ɗaya kamar zinariya. Mafi yawan zane ba ya yin tsadar da za ta wuce hauhawar farashi. Jabu kuma yana yawo, musamman da sunan mashahuran da suka rasu. Saboda haka wajibi ne mai saye ya karɓi rasiɗi da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun mai zanen, da sunan aikin, da shekara, da girmansa, ya kuma binciki hannuwan da zanen ya bi kafin ya iso gare shi. Idan za a fita da shi waje, yana da kyau a nemi takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ke nuna ba kayan tarihi ba ne, don kauce wa tsaiko a wurin kwastan.

Ga 'yan kasuwar Arewa kuwa, ba sai an je Ikko ba kafin a fara. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda Oshinowo ya yi karatu, inda marigayi Gani Odutokun ya koyar, yana ci gaba da yaye ɗalibai, kuma akan baje ayyukansu a ƙarshen karatu a kan farashin da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biya. Da yawa daga cikin waɗannan matasa Ikko suke nufa da zarar sun gama hidimar ƙasa, domin a can masu saye suka fi yawa.