Siririyar waya da matsalar ɗorewa

Tun da kamfanin IBM ya koma haɗa sassan ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayoyin jan ƙarfe a 1997, masana'antar ke ta rage kaurin wayoyin nan domin a cusa tiransista masu yawa a ɗan fili. Yau wasu ba su kai nanomita 20 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Sai dai ƙarfe idan ya sirance haka halinsa kan sauya. Ƙwayoyin zarra na fatar waya ba su da maƙwabta ta kowane gefe kamar na ciki, saboda haka riƙonsu sako-sako ne, kuma a siririyar waya kasonsu babba ne. Da zafi ya taɓa su sai su fara rarrafe suna taruwa inda ya fi kauri, inda ya tsuke ya ƙara tsukewa har ya tsinke, kamar yadda zirin ruwan buta ke yankewa ɗigo-ɗigo kafin ya kai ƙasa. A 2004 masu bincike a Darmstadt ta Jamus sun ga wayoyin jan ƙarfe sun koma jerin ƙwallaye a zafin digiri 400 zuwa 600, alhali jan ƙarfe sai a 1085 yake narkewa.

Abin mamaki, a can ƙarshen sirantaka tsari kan sake dawowa. A 1998 ayarin Kunio Takayanagi a Tokyo ya ɗauki hoton zarrar zinariya jere ɗaya bayan ɗaya, rataye tsakanin tsini biyu. A 2000 suka nuna cewa waya mai ɗan kauri kan murɗe kanta, layuka bakwai na nannaɗe da ɗaya a tsakiya, tsarin da ba a gani a dunƙulen zinariya. Amma fa a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska aka ga wannan, kuma ba ya jimawa.

A ganina nan ne ake yawan zuzutawa. Masana'anta wayar da za ta yi shekaru ɗauke da wuta take bukata. Ƙasa da nanomita 40, ilektiron na yawan karo da gefen jan ƙarfe, turjiya ta hau, zafi ya ƙaru, zafin kuma ya gaggauta tsinkewa. Wannan ne ya sa kamfanin Intel ya gwada ƙarfen kobal a wayoyinsa mafi ƙanƙanta, wasu kamfanonin kuma suka karkata ga ƙarfen rutiniyam, duk da tsadarsa.