Zuwa Tashar Sararin Samaniya da Dawowa

A ranar 10 ga watan Oktoba na shekarar 2007, ana cikin kwanakin ƙarshe na azumin Ramalana, wani kumbon Rasha mai suna Soyuz ya tashi daga filin Baikonur na ƙasar Kazakistan ɗauke da mutum uku, wato Yuri Malenchenko na Rasha, da Peggy Whitson ta Amurka, da kuma wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor. Sawun wannan tafiya nake so mu bi, domin duk wanda ya fahimce ta daga tashinta zuwa saukarta ya fahimci yadda ake kai 'yan sama jannati tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda tun watan Nuwamba na 2000 ba ta taɓa kwana babu ɗan Adam a cikinta ba.

Jama'a da yawa sun ɗauka nisa ne babban sha'ani a wannan tafiya, alhali kuwa tsakanin tashar da doron ƙasa bai wuce kimanin kilomita 400 ba, nisan da mota mai lafiya za ta cinye kafin la'asar da a ce akwai titi. Mas'alar tana ga gudu. Idan yaro ya yi jifa da dutse, dutsen zai yi baka ya faɗo nan kusa. Idan ƙaƙƙarfa ya jefa, zai faɗi da nisa. To, in da za a sami hannun da zai jefa shi da gudun kilomita 28,000 a sa'a guda, can sama da iskar da ke rage masa ƙarfi, da sai ya yi ta faɗuwa ita kuwa ƙasa, da yake ƙwallo ce, tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, har ya zagayo inda ya fara bai taɓa ta ba. Wannan shi ne halin tashar da duk wanda ke cikinta, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ganinsu a majigi suna shawagi kamar auduga, saboda su da ɗakinsu tare suke faɗuwa. Cikin minti tara kacal roka take kai kumbo ga wannan gudu, sa'an nan a shiga aikin haƙuri na bin tashar a sannu har a daidaita da ita a haɗe ƙofa da ƙofa. Su Muszaphar kwana biyu suka yi a hanya, amma a 2020 wani Soyuz ya isa cikin sa'a uku da 'yan mintoci.

A nan wani al'amari ya taso wanda injiniya ba shi da ta cewa a kansa. Tashar tana kewaya duniya sau ɗaya cikin kimanin minti 90, saboda haka mazauninta yakan ga hudowar rana da faɗuwarta sau 16 a kwana guda, kuma da Musulmi zai bi abin da idonsa ke gani, da salla tamanin ta hau kansa kullum, azuminsa kuwa ba zai kai sa'a ɗaya ba. Ga alƙibla, wadda take gabansa a takbirar harama, kafin sallama ta koma bayansa. Hukumomin Malesiya ba su bar likitan da waswasi ba, sai da suka tara malamai da masana falaki a 2006, aka fitar masa da ƙa'idoji: ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci Ka'aba in ya iya, in ya kasa ya fuskanci duniya, in ma hakan ya gagara ya fuskanci inda ya sawwaƙa, tsayuwa da ruku'u da sujada gwargwadon iko, ko da ishara, azumi kuwa yana da rangwamen matafiyi, in ya so ya rama bayan ya sauko. A ganina, abin yabo a wannan ijtihadi shi ne ba a ƙirƙiro wani sabon babi ba, hukuncin matafiyi da na mai uzuri da ke cikin littattafan fiƙihu tun da daɗewa shi aka shimfiɗa har ya kai can. A tashar ya yi ƙaramar salla.

Dawowa ita ce inda hankalin masu wannan sana'a ya fi tashi, domin duk gudun da roka ta ba kumbo wajibi ne a zare shi kafin ya taɓa ƙasa, kuma babu man da zai isa a yi haka, sai dai a bar iska ta yi aikin birki. Kumbon yakan rabu da tashar, ya kunna injinsa na 'yan mintoci don rage gudu, ya rabu gida uku, biyu su ƙone a hanya, na tsakiya kaɗai, wanda aka yi wa garkuwar zafi, shi ke sauko da mutane, wuta na ci a jikin tagoginsa, su kuwa suna kwance a kujerun da aka zuba daidai da ƙirar bayan kowannensu, nauyin jikinsu ya ninka kamar sau huɗu. Daga nan lema ta buɗe, ƙananan rokoki su tashi ana dab da ƙasa don rage ƙarfin bugu. Ba su cire rigunansu na musamman masu riƙe iska a wannan lokaci, kuma da jini aka sayi wannan ƙa'ida, gama a 1971 mutum uku na Soyuz 11 sun rasu a hanyarsu ta komowa daga wata tasha mai suna Salyut, iskar ɗakinsu ta zurare ba su sanye da irin rigunan.

Shi ma Muszaphar ya ɗanɗani tasa. A ranar 21 ga Oktoba, yana tare da Fyodor Yurchikhin da Oleg Kotov, wata tangarɗa ta sa kumbonsu ya sauko a tsaye fiye da yadda aka tsara, nauyin jikinsu ya ninka wajen sau takwas, suka dira a dajin Kazakistan fiye da kilomita 300 daga inda masu tarba ke jiransu, amma da ikon Allah dukansu suka fito da rai.

Mai karatu da ke son ganin tashar da idonsa ba ya bukatar madubin hangen nesa. Akwai kwanakin da take ratsa samanmu jim kaɗan bayan magariba ko gabanin asuba, fara sol kamar babbar tauraruwa, ba ta ƙyaftawa irin fitilar jirgi kuma ba ta ƙara, tana keta sama cikin 'yan mintoci. In ka gan ta, ka kira yara su fito tsakar gida, ka gaya musu akwai mutane a ciki.