Sikolashif Sai Mai Ƙafa? Raddi Cikin Girmamawa Ga Dattawan Majalisarmu

A majalisarmu ta bayan isha'i a Ƙofar Dumi aka tayar da maganar, daren da sakamakon JAMB ya fito. Wani dattijo da muke kira Baba, tela ne da ya tsufa a kan keke, ya miƙo mini wayarsa in karanta masa saƙo, don da layinsa aka yi wa 'yarsa rajista. Yarinyar ta ci 312 cikin 400. Majalisa ta kaure da barka, har mai shayi ya ce kofin Baba na yau kyauta ne. Na ce, "Baba, ai wannan makin na neman sikolashif ne." Ya karɓi wayarsa ya jefa aljihu, ya ce, "Malam, bar wannan zance. Sikolashif sai mai ƙafa. Ni wa na sani a Abuja?" Babu wanda ya musa masa. Wani ma ya ɗora da cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Kunya ta hana ni ja da shi a gaban jama'a. Amma na kwana da maganar, domin ba Baba kaɗai ke faɗarta ba. Daga Wunti har Jahun, daga Bauchi har Kano, haka ake gaya wa yara masu ƙwaƙwalwa, kuma su yarda. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tare da neman afuwar iyayena idan na yi karambani.

Da farko in ba Baba gaskiyarsa. Maganar tana da asali. Ni kaina, ina saurayi, na taɓa cika fom a wani ofishi da ba zan ambata ba, na zauna jarrabawa, na ga sunana a allo, bayan mako biyu aka liƙa sabon jeri babu ni, sai sunayen da kowa ya san gidajensu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma shirin BEA na Gwamnatin Tarayya, wanda ya daɗe yana kai ɗalibai Rasha da Maroko da Aljeriya da Sin, an sanar da daina shi a 2025, bayan ɗaliban sun sha kukan rashin biyan alawus. Duk wanda ya ce babu alfarma a ƙasar nan, bai faɗi gaskiya ba.

Inda na saɓa da Baba shi ne da ya ɗaure komai a dami guda. Abin da muke kira sikolashif kashi-kashi ne. Akwai ɗan alawus da hukumar tallafin karatu ta jiha ke ba 'yan asalin jiha, wanda rage zafi ne kawai. Akwai NELFUND da ta buɗe shafinta a Mayun 2024, wannan rance ne marar ruwa, za a biya bayan hidimar ƙasa. Sannan akwai cikakken tallafi da ake bayarwa saboda hazaƙa, wanda ke ɗauke kuɗin makaranta gaba ɗaya, wani lokaci har da masauki da abinci da tikitin jirgi. Da yawan irin wannan na ƙarshe, babu teburin wani jami'in Nijeriya tsakanin ɗalibi da mai bayarwa. To ƙafar wa za a bi?

Ga misali. Gwamnatin Turkiyya tana da shirin Türkiye Bursları, ana buɗe shi a intanet kusan kowace shekara daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Ba a sayen fom. Mai neman digirin farko ya kasance bai kai shekara 21 ba, sakamakonsa ya kai kashi 70 cikin 100, in kuma likitanci yake so, kashi 90. Wanda ya dace za a ba shi gurbi a jami'a, a biya kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata-wata, a kuma koya masa Turkanci shekara guda. Mutanen da ke duba takardun ba su san sunan mai unguwarmu ba, balle su san wanda ya fi wani gata a Bauchi.

Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, shaida ce da ba sai an je nesa ba. Malamai nawa ne a Arewa suka yi karatu a can kyauta, da masauki da alawus, alhali iyayensu manoma ne ko 'yan tireda? Gidauniyar Mastercard tun 2012 take ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka a jami'o'i irin su Ashesi da KNUST a Ghana da Makerere a Uganda, kuma ita masu hazaƙa marasa hali take nema, har ɗan mai kuɗi ne ke fuskantar cikas a wurinta. Jami'ar Toronto a Kanada tana da tallafin Lester B. Pearson, shekara huɗu cur, kuɗin makaranta da littattafai da masauki, ga ɗalibai kusan 37 a shekara daga duk duniya. Sharaɗinta shi ne makarantar sakandaren ɗalibi ta gabatar da shi. Idan ana neman ƙafa a nan, to ƙafar shugaban makaranta ce, kuma ofishinsa ba ya wuce tafiyar acaɓa.

A cikin gida ma akwai. Gidauniyar MTN tana ba ɗaliban kimiyya da fasaha na manyan makarantun gwamnati tallafi duk shekara har su gama, muddin makinsu bai gaza 3.5 cikin 5 ba, kuma sai sun zauna jarrabawar kwamfuta. Kamfanonin mai da gas irin su NLNG su ma da jarrabawa suke tace nasu. Yaron da ya shiga Jami'ar ATBU ko Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gaɗau ya riƙe makinsa tun ajin farko, yana da abin nema ko bai taɓa taka tashar jirgi ba.

Mu mutanen Bauchi ma bai kamata a riga mu sanin wannan ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin gari, ba ɗan sarki ba ne. Karatu ne ya kai shi Kwalejin Katsina a 1928, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi, a 1945 aka zaɓe shi cikin malaman Arewa ƙalilan da aka tura Jami'ar Landan. Shekara guda bayansa Malam Aminu Kano, shi ma daga wannan Midil ɗin, ya bi sahu. Da iyayen Malam Abubakar sun ce boko sai 'ya'yan fada, da tarihin ƙasar nan ya sauya.

To me ke kayar da yaranmu? Na farko takardu. Na zauna a shagon kwamfuta na ga abin da idona. Yaro ya zo da takardunsa cikin leda. A sakamakon WAEC sunansa Mohammed, a katin NIN Muhammad, a takardar haihuwa Muhammadu, kuma an ƙara masa sunan kaka a ɗaya. Ranar haihuwa biyu ce, domin wani kawu ya rage masa shekara lokacin shiga sakandare. Mai shago ya ce sai an yi takardar rantsuwa a kotu, an kuma nemi gyara, abin da kan ɗauki makonni. Saura kwana biyu a rufe shafi. Yaron ya tattara ledarsa ya fita, da yamma kuma na ji shi yana cewa dama an san waɗanda za a ba. Babu wanda ya cire sunansa, sunan ne bai shiga ba tun farko.

Na biyu lokaci. Yawancin manyan tallafin ƙasashen waje ana rufe su tsakanin Nuwamba da Fabrairu, mu kuwa sai sakamako ya fito, an kai ga biyan rajista, sannan hankali ke tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba ranar ake neman sabulu ba. Wanda ke son wannan hanya, tun yana aji biyu na babbar sakandare ya kamata ya daidaita sunansa, ya buɗe imel da zai riƙa dubawa, ya rubuta ranakun a bangon ɗaki.

Na uku, wanda ya fi ba ni tausayi, shi ne rubutu da ganawa. Maki shi ke buɗe ƙofa, amma kowa a layin mai maki ne. Ana so ɗalibi ya rubuta ko shi waye, me ya taɓa yi wa jama'arsa, me yake so ya zama. Mu an rene mu da kunya, yabon kai jahilci ne. Sai yaro ya kwafo wasiƙa daga intanet, irin wadda masu tantancewa suka karanta sau dubu. Na tambayi 'yar Baba daga baya ko ta taɓa riƙe wani shugabanci, ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Da na bi diddigi, ashe shekara uku tana koyar da ƙananan yara a Islamiyya, ita ke riƙe lissafin cinikin masar mahaifiyarta, kuma ta yi karatun JAMB da tocila bayan ta gama wanke-wanke. Wannan shi ne abin da ake nema, ita ce ba ta san sunansa ba. Faɗar gaskiyar abin da ka yi ba alfahari ba ne.

Na san mai karatu zai ce, ai duk da haka 'ya'yan masu hali ne suka fi samu. Haka ne, kuma a nan ne maganar Baba ta kusa gaskiya. Ɗan mai hali yana makarantar da ke da malami na musamman mai bin ranakun buɗe shafi, yana da fasfo tun yana ƙarami, yana da yaya a waje da zai gyara masa wasiƙa. Ƙafarsa ke nan: labari da shiri. Amma irin wannan ƙafa ana iya aronta, ana iya raba ta. Unguwar da ke da malaman jami'a da likitoci da masu hidimar ƙasa ba ta rasa mutum uku da za su zauna da yara biyar kowace Asabar a zauren makaranta. Jama'ar da ke iya haɗa gudunmawar biki cikin dare ɗaya ba za ta kasa haɗa kuɗin fasfo da na data ba.

Ba kuma zan yi wa kowa romon baka ba. Gasar tana da zafi. Shirin Turkiyya kaɗai mutum fiye da dubu ɗari ke nema a shekara, gurabe kuwa 'yan dubbai ne. Yaro zai iya yin komai daidai bai samu ba, domin rabo na Allah ne. Shi ya sa ake neman biyar ko shida, ana kuma riƙe gurbin gida da hannu biyu. Amma wanda ya nema ya rasa ya fita da takardu a gyare da wasiƙa a hannu da sanin hanya, baɗi ya fi bana ƙarfi. Wanda bai nema ba, me ya fita da shi?

Akwai wata ɓarnar da wannan magana ke yi a ɓoye. Mutumin da ya yarda cewa sai da hanya, shi ne abincin 'yan damfara. Gobe wani zai shigo masa WhatsApp ya ce yana da mutum a ciki, a turo dubu hamsin na fom. Uban da bai yarda da shafin kyauta ba, sai ya sayar da akuya ya tura. Ƙa'ida ɗaya ta isa: duk wanda ya nemi kuɗi don ya sama maka gurbi, ɓarawo ne. A nemi shafin hukumar ko jami'ar kai tsaye.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye garin nan da ita ƙofofi aka yi mata da yawa, kuma ba mu taɓa jin baƙon da ya tarar da Ƙofar Wambai a rufe ya koma gida ya ce Bauchi ba ta shiguwa ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ba ni aron takardun yarinyar nan ranar Asabar bayan la'asar, mu duba sunanta harafi bayan harafi, ta fara rubuta labarin Islamiyya da kaskon masa da hannunta. Idan ba a dace ba, a majalisa zan tsaya in ce na ji. Amma kada mu ne mu fara cire sunanta tun ba a liƙa jeri ba.