Taurarin Duban Yanayi: Tsakanin Gwamnati da 'Yan Kasuwa

Idan ana maganar mallakar taurarin ɗan'adam masu duban yanayi, wajibi ne a rarrabe abu uku waɗanda sau da yawa akan gama su wuri ɗaya. Akwai rokar da ke kai tauraro sama, akwai shi tauraron kansa, akwai kuma labarin da yake aikowa ƙasa, watau hotunan gizagizai da awon zafi da laima. Sa'ad da Amurka ta harba TIROS-1 ran 1 ga Afrilu 1960, wanda ya yi aikin kwana 78, duka ukun a hannun Gwamnati suke.

Dako shi ne ya fara komawa hannun 'yan kasuwa. A 1980 aka kafa kamfanin Arianespace a Faransa don harba taurari bisa lada, a 1984 kuma Amurka ta yi dokar ba kamfanoni lasin wannan sana'a. Ga misali, a watan Yuni 2024 rokar kamfanin SpaceX ce ta ɗauki tauraron GOES-U, amma tauraron na Gwamnatin Amurka ne. Wannan bai ta da gardama mai yawa ba, gama mai kaya ba ya rasa kayansa don ya ba ɗan dako.

Batun tauraron kansa kuwa dabam ne. A 1983 Gwamnatin Shugaba Reagan ta nemi sayar da taurarin yanayi ga 'yan kasuwa. Majalisar Dokoki ta ƙi, ta hana haka cikin dokar 1984, ta kuma sake ƙarfafa hanin a 1992. Taurarin Landsat masu ɗaukar hoton ƙasa su ne aka gwada da su: a 1985 aka danƙa su ga kamfanin EOSAT, kuɗin hoto ya ninka sau da yawa, masu bincike da dama suka kasa saye. Daga bisani Gwamnati ta karɓi abinta, a 2008 ta mai da hotunan kyauta.

Dalilin wannan tsantseni shi ne hadari bai san iyakar ƙasa ba. Ba ƙasar da za ta iya faɗin yanayin jibi da awonta ita kaɗai. Saboda haka a 1995 Ƙungiyar Yanayi ta Duniya ta zartar da cewa a riƙa musayar muhimmin awo kyauta tsakanin ƙasashe. Afirka ta Yamma na cikin masu cin moriyar wannan al'ada, domin taurarin Meteosat na Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 1977, su ke duban sararinta, kuma cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana aiki da hotunansu wajen bin sawun damina.

Amma fa hanin ya shafi sayar da taurarin Gwamnati ne, bai hana kamfani ƙera nasa ba. Kamfanonin Spire da GeoOptics sun harba ƙananan taurari masu sauraron saƙon GPS. Saƙon yakan ɗan karkace in ya ratsa iska, daga girman karkacewar ake gane zafi da laima. Hukumar yanayi ta Amurka ta fara gwada awonsu a 2016, ta shiga sayensa don aikin yau da kullum a 2020.

To, nan ne gizo ke saƙa. Kamfani yana son ya sayar wa kowace ƙasa dabam, ita kuwa Gwamnatin da ta saya al'adarta ce ta raba wa kowa. In yarjejeniyar ciniki ta yarda a raba, kuɗin ya ƙaru. In ta hana, ƙasashe marasa hali su ke cutuwa. Don haka mai nazarin wannan al'amari ya fi kyau ya duba sharuɗɗan yarjejeniya, gama su ke nuna wanda labarin zai isa gare shi.